Araha Ba Ta Ado, Amma Tana Kiɗa: Gaskiyar Sautin Jitar Lantarki Mai Sauƙin Kuɗi

Saurayin da ya shekara yana tara kuɗin ɗinki ko na gyaran waya don ya mallaki jitar lantarki, ranar da ya shiga shagunan kayan sauti na Zongo Lane a Accra, ko na Adum a Kumasi, abin da zai fara tararwa shi ne ruɗani. Ga jitoci nan rataye a bango, sifarsu ɗaya, fentinsu ɗaya, kowace da tsirkiya shida, amma kuɗin wata ya ninka na wata sau biyar ko fiye. Mai shago zai ce masa ta araha ba ta da murya. Abokinsa kuma zai ce duk ɗaya ne, suna kawai ake saya. Shi ko ga kuɗin guminsa a aljihu, bai san wa zai bi ba.

Wannan tazara ta farashi ba a nan kaɗai take ba. A Amurka ma, sabuwar Squier ta masu koyo ba ta kai dala 300 ba, alhali Fender da aka ƙera a masana'antarsu ta Kalifoniya ta haura dala 1,000 nesa ba kusa ba. Kuma kamfani ɗaya ne ke da sunayen biyu. To shin ninkin kuɗin nan ninkin daɗin sauti ne? Amsar a taƙaice ita ce a'a. Jita mai araha tana da aibobinta na gaskiya, sai dai yawancinsu ba a inda mai shago ke nunawa suke ba, kuma da dama daga cikinsu ana gyara su da kuɗi kaɗan. Akwai kuma guda ɗaya da ba ruwansa da farashi, wanda in aka yi sakaci da shi yana iya cin rai. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Daga ina sautin yake fitowa?

Mu da muka tashi muna jin molo da garaya da goge mun san cewa a kayan kiɗan gargajiya, jikin abin shi ne muryarsa. Ƙwarya da fatar da aka rufe ta da ita su ke ɗaukar rawar tsirkiya su mayar da ita amo. Marigayi Ɗan Maraya Jos da gwangwanin kifi da fata da tsirkiya ɗaya tak ya yi kuntiginsa, kuma da a ce an cire gwangwanin, da kiɗan ya tafi.

Jitar lantarki ba haka take aiki ba. Gangar jikinta katako ne curarre, ba rami a ciki. Ka kaɗa ta ba tare da ka jona ta ba, da ƙyar na ƙofar ɗaki zai ji. Abin da ke ɗaukar sautin wani ɗan ƙaramin abu ne da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyi, wanda makaɗa ke kira fikof. Mu kira shi kunnen jita, don aikin kunne yake yi. A cikinsa akwai maganaɗisu, an naɗe shi da siririyar wayar tagulla mai kaurin gashin kai. A kunnen Stratocaster na asali, naɗin yana kai wajen zagaye 8,000. Tsirkiyar ƙarfe ce, saboda haka idan ta yi rawa a kan maganaɗisun sai ta haifar da 'yar wutar lantarki a cikin naɗin, wadda yawanci ba ta kai bolt ɗaya ba. Wannan 'yar wutar ce ke bin waya zuwa amfilifaya, ita kuma ta ƙara mata ƙarfi ta miƙa wa lasifika.

Duk ɗalibin da ya yi darasin maganaɗisu a aji ya riga ya san wannan ka'ida, ko da bai san ita ce ke kiɗa a gidan biki ba. Abin lura a nan shi ne, maganaɗisu bai san katako ba. Ƙarfen da ke motsi a gabansa kawai yake ji.

Maganar katako

Babbar hujjar masu sayar da jita mai tsada ita ce itacen da aka yi ta da shi. Za ka ji ana ambaton mahogani da wasu itatuwan Turai da Amurka kamar ana kirarin sarakuna. Tarihin abin kansa bai goyi bayan wannan kirari sosai ba.

Wajen 1940, makaɗin Amurka Les Paul ya ɗauki guntun katakon gini, ya kafa masa wuya da tsirkiyoyi da kunnuwa, ya yi kiɗa da shi. Leo Fender, wanda ya fito da Telecaster a farkon shekarun 1950 da Stratocaster a 1954, mai gyaran rediyo ne, bai ma iya kaɗa jita ba. Ya zaɓi itatuwan da ake samu cikin sauƙi, ya kuma ɗaure wuya da jiki da kusoshi huɗu don ƙira ta yi sauri, gyara kuma ya yi sauƙi. Wato jitar da a yau ake yi wa kallon kayan manya, tun asali don saukin kuɗi aka tsara ta. Brian May na ƙungiyar Queen ta Ingila shi da mahaifinsa suka fara ƙera tasa a gida a 1963, wuyanta daga tsohon katakon murhun ɗumama ɗaki aka fafe shi, kuma da ita ya yi suna a duniya.

A 2022 wani makaɗi a birnin Nashville mai suna Jim Lill ya yi gwajin da ya tayar da ƙura. Ya riƙa rage sassan jita ɗaya bayan ɗaya yana naɗar sautin, har ya kai ga ɗaure tsirkiyoyi a sarari, ba gangar jiki ba wuya, ya sa irin kunnen da ke kan wata jita mai tsada a daidai tazarar da yake a can. Da aka jera sautukan biyu, bambancin ɗan kaɗan ne ƙwarai.

Har gobe akwai makaɗan da ke rantsuwa suna jin bambancin itace, kuma ba za a ce katako ba shi da aiki sam ba. Shi ke sa jita ta yi nauyi ko ta yi sauƙi a kafaɗa, kuma wuyan da aka yi da ɗanyen itace yana iya murɗewa bayan shekara ɗaya ko biyu, wannan kuwa babbar asara ce. Amma in ana lissafin abubuwan da ke canza sautin da mai sauraro ke ji a lasifika, katakon jiki yana can ƙasan layi.

Wani abu kuma da ya canza lissafi shi ne injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta. Jitocin araha na shekarun 1960 da 1970 da yawansu wuyansu a karkace yake, awonsu ba daidai ba. Yau injin ne ke yanka jiki da wuya bisa awo ɗaya, ko a Amurka ko a Chaina ko a Indunisiya. Masana'antar Cort da ke Indunisiya, alal misali, tana ƙera jitoci ga manyan kamfanoni da dama, kowa ya sa sunansa. Fender ta fito da jitocin Squier tun 1982 daga Japan, Gibson ta mallaki Epiphone tun 1957, Yamaha kuma tana da jerin Pacifica tun shekarun 1990. Duk waɗannan suna da jitocin da aka yi don mai ƙaramin ƙarfi.

Inda araha ke nuna halinta

To in ba a katako ba, a ina kamfani ke rage kuɗi? A wurare biyu: ƙananan kayan ƙarfe da na wuta, da kuma lokacin da ma'aikaci zai zauna yana gyara jita da hannu kafin ta bar masana'anta. Na biyun ya fi tsada, kuma shi aka fi yankewa.

Na farko, saiti. Jitar da ba ta riƙe saiti ba ta da daɗi ko da zinariya aka yi ta. Mutane sukan ɗora laifin a kan makullan da ake murɗa tsirkiya da su, amma sau da yawa mai laifin shi ne ɗan farin abin nan da ke ƙarshen wuya ta sama, wanda tsirkiyoyi ke ratsawa ta cikin tsagoginsa. A jitar araha da roba ake yin sa, tsagar kuma takan yi matsi. Tsirkiya sai ta maƙale, ka murɗa makulli ba ta motsa ba, can kana tsakiyar kiɗa ta kuɓuce. Idan kana saiti ka ji 'yar ƙara “ting”, to shi ne. Maganin gaggawa yana cikin jakar kowane ɗan makaranta: a goga bakin fensir a cikin tsagar, baƙin yana sa santsi. Magani mai ɗorewa shi ne mai gyara ya buɗa tsagar daidai kaurin tsirkiya, ko ya canza abin da na ƙashi.

Na biyu, daidaiton murya daga ƙasan wuya zuwa samansa. Akwai jitar da in ka kaɗa tsirkiya a sake tana kan saiti, amma da ka hau sama sai ka ji kamar mawaƙin da mura ta kama. Gwajin ba wuya. Kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danna ta a kan ƙarfe na 12. Ya kamata ka ji murya ɗaya, ta biyun tana sama da ta farko da cikakken hawa guda. In ta zarce ko ta gaza, ana gyarawa a wurin jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kan jiki. Kowace tsirkiya tana da ɗan sirdinta da ake turawa gaba ko baya da sukundireba. Manhajar saiti ta kyauta a waya ta isa wannan aiki. Wannan matsala ta fi damun mu nan, domin kiɗan hailaif da na Agadas duk a saman wuya ake yawan yin su, da sauti garau wanda ba ya ɓoye kuskure.

Na uku, ƙarafan da ke gicciye a kan wuya. In ɗaya ya ɗara 'yan'uwansa tsawo ko da kaurin takarda ne, tsirkiya za ta riƙa gogarsa tana zizza, ko muryar ta mutu nan take. Don su ɓoye wannan, wasu masana'antu sukan ɗaga tsirkiyoyi sama sosai. Sakamakon shi ne yatsun mai koyo su yi ta ciwo, ya ɗauka shi ne ba shi da baiwa, ya jingine jita bayan wata biyu. A jitar da aka saita da kyau, tazarar tsirkiya da ƙarfe na 12 ba ta wuce wajen milimita 2 ba. Akwai kuma sandar ƙarfe a cikin wuya da ake murɗawa don miƙe shi. Wannan kam a bar wa wanda ya iya, don in aka matsa mata da ƙarfi tana karyewa.

Na huɗu, kunnuwan kansu. Nan ne bambancin sauti na gaskiya yake. Masu tsada yawanci da maganaɗisun alniko ake yin su, na araha kuma da na siramik, wanda sau da yawa sautinsa yakan fi kaifi da tsauri. Amma tsauri ba lalacewa ba ne, kuma kafin a yi maganar canza kunne akwai abin da ba ya cin ko kwabo: kowane kunne yana da kusoshi biyu a gefe da ake ɗaga shi ko sauke shi da su. Ka sauke shi kaɗan, sautin zai yi laushi ya buɗe. Ka ɗaga, ya ƙara ƙarfi da kauri. In ya matso tsirkiya da yawa, maganaɗisun yakan ja ta har ya ɓata mata rawa. Aibin da ya fi muni shi ne kunnen da ba a jiƙa naɗinsa da kakin zuma ba. Irin wannan da an ƙara murya sai ya kama ihu kamar an taka wutsiyar kyanwa.

Na biyar, ƙugi. Ka jona jita, ba ka taɓa komai ba, lasifika tana “zzzz”. Mutane da yawa suna ɗauka alamar araha ce. Ba lallai ba. Wutar gidajenmu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, kunne mai naɗi ɗaya kuwa yana tsintar wannan kamar eriya, ko a Fender mai tsada. Don maganin haka ne Seth Lover na kamfanin Gibson ya ƙirƙiro kunne mai naɗi biyu masu kishiyantar juna a 1955, aka fara sa shi a Les Paul a 1957. Sautinsa ya fi kauri, ƙugin kuma ya ragu ƙwarai. A yawancin jitoci masu sifar Stratocaster na yanzu, in ka sa makunnin zaɓe a matsayi na 2 ko na 4, kunnuwa biyu ne ke aiki tare, ƙugin sai ya lafa. Inda ta araha ta gaza shi ne ba a lulluɓe ramin wayoyinta da abin kariya ba. Mai gyara yana iya shimfiɗa takardar tagulla ko ta alminiyam a ciki ya haɗa ta da wayar ƙasa, zizar da fitilu da cajar waya ke jawowa sai ta ragu.

Amfilifaya ce rabin murya

Ga inda aka fi zaluntar jitar araha. Yawanci a kwali ɗaya ake sayar da ita da 'yar amfilifaya mai wat 10, da lasifikar da faɗinta bai wuce inci 6 ko 6 da rabi ba. Tsirkiya mafi kauri a jita tana rawa sau 82 a daƙiƙa. Don a ji wannan amo mai zurfi dole lasifika ta tura iska da yawa, 'yar ƙarama kuwa a cikin ƙaramin akwati ba za ta iya ba. Sai sautin ya fito siriri kamar rediyon aljihu, a ce jita ce ba ta da kyau.

Duk mai shakka ya yi wannan gwaji a shago. Ya sa a jona jita mafi araha a babbar amfilifaya mai lasifikar inci 12, sannan a jona mafi tsada a 'yar ƙaramar nan. Ya juya baya ya saurara. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan sha'ani sai an kawar da ido kafin kunne ya faɗi gaskiya, don sunan da ke rubuce a kan jita yana shiga kunne ta hanyar ido.

Wayar da ke haɗa su ma tana da nata. In ta yi tsawo da yawa, kamar ta wuce mita 6, tana shanye kaifin sauti. In kuma ta banza ce, da ka taka ta za ka ji ƙaras-ƙaras a lasifika. Sai tsirkiyoyi: waɗanda suka zo da jita daga masana'anta ƙila sun yi watanni a jirgin ruwa da sito. Sabon saiti na tsirkiya shi ne gyara mafi araha da kunne ke ji nan take.

Darasi daga Agadas

Wanda ke son hujjar cewa hannu ya fi farashi, ya dubi arewacin Nijar da Mali, inda kiɗan jitar Buzaye ya fito ya zagaye duniya. Samarinmu da yawa a waya suka fara jin sa, kuma shi ya sa wasunsu sha'awar jitar tun farko.

Ibrahim Ag Alhabib, jagoran ƙungiyar Tinariwen ta Mali, jitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa ta. A 2012 ƙungiyarsa ta ci kyautar Grammy da faifan Tassili. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa a Nijar, shi ma da katako da wayoyin keke ya ƙera tasa ta farko. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, waƙoƙin kuma suka bazu a Sahel ta katin waya da Bluetooth, kafin kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sa ɗaya daga ciki a wani tarin waƙoƙi a 2011. Bombino na Agadas ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa a takarar Grammy, da faifansa Deran na 2018. Ƙungiyar Etran de l'Aïr kuwa, wadda 'yan'uwa suka kafa a Agadas a 1995, da jita ɗaya marar lantarki ta fara, gangarsu ƙwarya ce a kife cikin ruwa ana dukanta da takalmi. Sun yi shekaru suna kiɗan bukukuwan aure a unguwanni kafin Turai ta san da su.

Gaskiya ne da suka samu hali sun sayi kaya masu kyau, ba wanda ke son wahala don wahala. Amma salon da duniya ta yi sha'awa an gina shi ne tun lokacin da kayan ba su da kyau, a filin biki, da janareta da ƙura da lasifikar da aka ƙure wa murya.

Haka a Kamaru. Messi Martin na ƙungiyar Los Camaroes ya so jitarsa ta yi amon balafon na mutanensa, sai ya cusa ɗan abu tsakanin tsirkiyoyi kusa da jaki don ya daƙile rawarsu. Wannan dabara, wadda ba ta ci kuɗi ba, ita ta zama muryar kiɗan bikutsi na zamani. A Shikago ta Amurka kuma, Hound Dog Taylor da jitocin Japan masu araha ya yi kiɗansa, kuma don a naɗe shi aka kafa kamfanin Alligator Records a 1971.

Abin da ya fi sauti muhimmanci

Iyaye, ko da ba ku karanta komai a wannan rubutu ba, ku karanta wannan sashe. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin waya, amfilifaya kuma ta dogara da ƙafa ta uku ta fulogi, wato wayar ƙasa, don ta zubar da wuta idan wani abu ya lalace a ciki. Mu kuwa mun saba karya ƙafar nan, ko mu cusa tsirarar waya a soket da tsinken ashana. Gidaje da yawa ma ba a ja musu wayar ƙasa ba sam, haka janareton da ake kunnawa a wurin biki idan an ɗauke wuta.

Idan amfilifaya ta samu matsala alhali ba wayar ƙasa, jikin makaɗin ne hanyar da wuta za ta bi. Haɗarin ya fi yawa in hannu ɗaya yana kan tsirkiya, ɗayan ko leɓe ya taɓa makirfo da ke jone a wata na'ura daban. Ba tatsuniya ba ce. A 1972 makaɗin jita Leslie Harvey ya mutu a kan dandamali a Swansea ta Birtaniya bayan ya taɓa makirfo marar wayar ƙasa, yana da shekara 27. A 1976 Keith Relf, tsohon mawaƙin ƙungiyar Yardbirds, wuta ta kashe shi a gidansa yana kaɗa jita. Wutarmu ta Ghana bolt 230 ce, ba ta wasa.

Saboda haka in ka taɓa tsirkiya ka ji tana ɗan cizo, kashe komai, kira mai gyaran wuta. Kada a yi kiɗa ba takalmi a kan siminti mai laima. Kuma duk amfilifayar hannu da aka kawo daga Amurka a duba bayanta, don tasu wutar bolt 120 ce. In ba a sa mata taransifoma mai rage wuta ba, jonawa ɗaya ta ƙone.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci, kuma bai san mai tsada ba. A Accra da sauran garuruwan bakin teku, iskar gishiri da gumi suna sa tsirkiya tsatsa cikin 'yan makonni, su kuma shiga makunnan murya su sa su ƙaras-ƙaras. A goge tsirkiya da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa. A Tamale da Bawku da Wa kuwa hunturu ne abokin gaba: katakon wuya yakan bushe ya tsuke, bakin ƙarafa su fito suna yankar hannu. Kada a bar jita a cikin mota da rana, ko a jingine ta a bangon da ke shan zafin kwano. Jaka ko akwati ba ado ba ne.

Hattara da jabu

Akwai bambanci tsakanin jitar araha da jitar ƙarya. Squier ko Yamaha ko Cort sun faɗi sunansu da ƙasar da aka yi su, ba su yaudari kowa ba. Jabu ita ce wadda aka manna wa sunan Gibson ko Fender alhali ba su suka yi ta ba. Abin ya yi yawa har a Nuwamba 2024 jami'an kwastan na Amurka suka ba da sanarwar kama jabun Gibson sama da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. Jitar lantarki ta Gibson ta gaske a Amurka kaɗai ake ƙera ta. In wani ya kawo maka sabuwa fil a kuɗin wayar hannu, ya ce sa'a ce ka taka, ka san inda aka dosa. Matsalar jabu ita ce ba kamfanin da ke tsaye a bayanta, ba wanda ya duba ta kafin ta fito, kuma ranar da ka tashi sayarwa kai ma sai dai ka yi ƙarya ko ka yi asara.

Idan ka tashi saye

Zuwa da kai ya fi saƙo. Jitoci biyu masu suna ɗaya daga kwali ɗaya suna iya bambanta, musamman a na araha, don haka wadda ka gwada ita za ka ɗauka, kada a shiga ciki a ɗauko maka wata a naɗe. In ba ka iya kiɗa ba tukuna, tafi da wanda ya iya.

Ɗaga jitar ka hango tsawon wuyanta daga sama kamar mai duba miƙewar katako. Ɗan lanƙwasa kaɗan ba laifi, ana gyarawa. Murɗewa gefe guda kuwa, ajiye ta. Shafa gefen wuya ka ji ko ƙarafa suna kama hannu. Danna kowace tsirkiya a kan kowane ƙarfe, tun daga na farko har na ƙarshe, kana sauraron zizza ko mutuwar murya. Zai ɗauke ka minti biyar, mai shago zai ƙosa, kada ka damu, kuɗinka ne. Jona ta, juya kowane makunni, girgiza wayar a bakin ramin da take shiga. Sannan ka saita ta, ka ja tsirkiyoyi, ka yi kiɗa kaɗan, ka sake duba saitin.

Kada ka raina ta hannu. Yamaha ko Squier da aka yi shekara biyar ana kiɗa da ita, wuyanta bai motsa ba, ta riga ta ci jarrabawar yanayi, sau da yawa ta fi sabuwa marar suna. A ƙasar nan coci-coci da ƙungiyoyin hailaif sun sa kayan kiɗa suna yawan canza hannu, sun kuma sa akwai masu gyaran jita da suka san aikinsu a manyan garuruwa. A tambayi makaɗa wa suke kai wa tasu.

Game da rabon kuɗi, shawarata ita ce in kana da kashi goma, biyar su tafi ga jita, huɗu ga amfilifaya, ɗaya kuma ka ajiye don mai gyara da sabbin tsirkiyoyi da waya mai kyau. Wanda ya zuba tara a jita ya sayi amfilifaya da canjin da ya rage, zai koma gida da abin rataya a bango. In kuɗin bai kai ga amfilifayar kirki ba, akwai ƙananan na'urori da ake jonawa a jita a saurara da abin kunne. Maƙwabta a gidan haya za su sa maka albarka, musamman masu tashi da asuba.

Mai tsada tana da abin da ta fi: ƙarfenta ya fi jure shekaru, aikin hannunta ya fi tsabta, kuma tana riƙe darajarta in za a sayar. Wanda kiɗa ya zama sana'arsa, yana hawa dandamali kowane mako, wata rana zai buƙace ta, kuma a lokacin kunnensa da yatsunsa za su gaya masa dalili ba sai mai shago ya faɗa ba. Amma mai farawa da ya tsaya jiran sai ya tara kuɗin Fender, shekarun koyo ne yake zubarwa. Ya sayi wadda aljihunsa ya kai, ya kai ta a saita masa, ya tabbatar da wayar ƙasa a ɗakinsa, sannan ya ba ta awa ɗaya kullum bayan ya gama aikinsa da karatunsa. Allah ya sa a saya a sa'a.